Fallen da Baba ya ɗinke

Daren Alhamis, 3 ga Yulin 2025, ina zaune a shago ana tsuga ruwa, irin ruwan Jos ɗin nan da yake sa mutum neman rigar sanyi a tsakiyar damina, sai na ga labarin rasuwar Peter Rufai, tsohon mai tsaron gidan Najeriya, a waya. Na karanta, na sake karantawa, na kife wayar a kan tebur. Abin da ya fara faɗo mini a rai wani fallen mujalla ne mai tabon man ƙosai a kusurwa, wanda rabon da in sa shi a ido an fi shekara goma.

Washegari da aka sauko daga Juma'a ban koma shago ba, na zarce Rikkos wajen Inna. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, akwatin ƙarfen nan na Baba yana nan kuwa?" Ta dube ni ta ce, "Littafin 'yan ƙwallon ka biyo ko?" Ta sa jikarta ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, bayan an ɗaga rasitai da tsofaffin katunan asibiti, ga shi nan naɗe cikin ɗankwali, yana ƙamshin kafur. Littafin rubutu ne mai falle tamanin, amma liƙe-liƙe sun sa ya kumbura har ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da roba. Bangonsa kwalin biskit ɗin Nasco ne da muka yanka muka ƙara masa don kada ya yage.

Na ce "muka" domin littafin ba nawa ba ne ni kaɗai. A wancan lokacin muna haya ne a Nasarawa Gwom, a wani gida mai ɗaki goma sha biyu da rijiya ɗaya. Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu mutanen Pankshin ce. Maigidan ma'aikaci ne a sakatariya, ran Lahadi kuma su shirya tsaf su tafi cocin COCIN, su dawo uwar tana rera waƙoƙin sujada da Hausa tana tankaɗe. Ɗansu na biyu sa'ana ne. Duk unguwa Gola ake ce masa, saboda ko an kafa duwatsu biyu a kan kwalta shi zai shiga tsakani ya yi ta shawagi, gwiwoyinsa ba sa rabo da ciwo. Har yau da Gola na ajiye lambarsa.

Kafin hotuna mun tara abubuwa da yawa, kamar kowane yaro na zamanin. Murfin kwalbar lemo, da muke jerawa a ƙasa sha ɗaya-sha ɗaya mu buga wasa da yatsa. Kwalin taba, wanda shi ne kuɗinmu. Kwalin ashana. Kan sarki da muke jiƙawa mu ɓanɓaro daga ambulan ɗin da babansa ke dawowa da su daga ofis. Duk waɗannan sun zo sun wuce, kowanne da kakarsa. Hotunan 'yan ƙwallo ne suka zauna, kuma shekarar 1994 ce ta zaunar da su.

Muna da shekara goma-goma. A watan Afrilu Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya biyu da ɗaya, Emmanuel Amuneke ne ya ci duka biyun. Wata biyu bayan haka aka tafi Amurka, karon farko da muka je gasar cin kofin duniya. Talabijin ɗaya ce a gidanmu baki ɗaya, ta baban Gola, sai ya fito da ita baranda ya ɗora a kan kujera. Wasan Bulgeriya cikin tsakar dare aka yi shi, muna ƙudundune cikin barguna. Da Rashidi Yekini ya zura ta farko ya bi ta cikin raga ya kama zaren yana jijjigawa yana kuka, na ji Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi. Uku da nema aka tashi. Wasan Italiya kuwa da yamma ne, muka tafi sallar magariba muna gaba da ci ɗaya, Gola yana gadin wurin zamana. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenariti. Daren nan tuwo ya kwana a gidaje da yawa.

Bayan an fitar da mu ne Gola ya ce mu yi littafi, don kada mu manta da fuskokinsu. Haka ya faɗa. Ba bidiyo gare mu ba, idan wasa ya wuce ya wuce ke nan, sai abin da ka riƙe a ka.

Neman hoto aiki ne. Mafi sauƙi shi ne jaridar Nigeria Standard da babansa ke kawowa, amma hotunanta baƙi da fari ne, wani lokaci fuskar ɗan wasa ta haɗe da inuwa sai da rubutun ƙasa za ka san ko wane ne. Masu launi suna cikin mujallar Complete Football, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin kuɗin tararmu na sati guda. Sai mu taka har Taminus ran Asabar, mu tsaya a bayan manya masu karatun tsaye a wajen masu jarida, muna leƙe ta ƙarƙashin hammatarsu. Akwai wani dattijo a cikin masu jaridar da ya gane mu. Idan ta kwana biyu ba a saya ba, rana ta dafa bangon, sai ya bar mana a rabin kuɗi, mu haɗa nawa da na Gola. A wajen masu tsofaffin littattafai kuma akan dace da Shoot ko Match, mujallun Ingila da suka shekara biyu ko uku da fitowa. Ga cingam mai hoto, wanda sai ka buɗe za ka san rabonka, ko ɗan ƙwallo, ko mota, ko jarumin fim ɗin Indiya. Na Indiyan mukan kai wa yayyenmu mata su ba mu canji.

Amma babbar ma'adanarmu ita ce masu ƙosai da masu tsire. Su suke sayen tsofaffin jaridu a kilo don naɗe kaya. Duk wanda aka aika sayen ƙosai da safe, idonsa na kan tulin takardar da ke gefen kasko. Idan ka hango koren jesi sai ka yi ta addu'a layi ya zo kanka kafin a yage shi. Mai ƙosan layinmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, tun tana korarmu har ta gaji ta riƙa ware mana shafukan wasanni a ƙarƙashin tabarmarta, mu kuma mu ɗebo mata ruwa bokiti biyu.

Musaya tana da dokoki, ba wanda ya rubuta su amma duk yaran unguwa sun sani. Mai launi ya fi baƙi da fari. Ɗan wasa cikin koren jesin Najeriya ya fi shi cikin jesin kulob. Wanda ƙwallo ke ƙafarsa ya fi wanda ya tsaya ya harɗe hannu. Tabon mai yana rage rabin daraja, in kuma ya taɓa fuska to sai dai kyauta. Okocha ɗaya yana sayen Turawa uku, in ba Baggio ba ne, shi ba mai karɓarsa ko da kyauta. 'Yan Kaduna kuwa, Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, farashinsu daban ne a wajenmu, don muna jin cewa in mun haɗu da su a hanya da Hausa za mu gaisa. Ranar da Tijjani ya koma Ajax a 1996 wani yaro a Dilimi ya ƙi sayar mana da hotonsa a kan kan sarki ashirin.

Da ƙaro muke liƙawa. Mu saya a wajen masu kayan koli, mu jiƙa a gwangwanin tumatir ya kwana, da safe ya yi danƙo, mu shafa da tsinken tsintsiya. Da farko da koko muka fara, sai ɓeraye suka bi ƙamshi suka cinye mana Finidi George har zuwa ƙugu. Yanka kuma da reza, a kan murfin tukunya. Baba tela ne, yana da rumfa a cikin babbar kasuwar Taminus, almakashinsa yana rataye a gida kusa da tsohon kekensa na ɗinki, amma duk wanda ya taɓa shi don yanka takarda ya san sauran. Takarda tana dakushe almakashi.

Ba kowa ne ya so abin ba. Malaminmu na Islamiyya ya taɓa kama wasu yara suna jefa hotuna sama, wanda nasa ya faɗi a buɗe ya kwashe, ya ce wannan caca ce, kuma gaskiyarsa. Ya kuma karanta mana hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Na dawo gida jikina a sanyaye na tambayi Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce ban da jefawa, ban da mannawa a bangon ɗakin da ake salla, in an gama kallo a rufe littafin a ajiye. Da wannan sharaɗin muka ci gaba. Mu kuma muka kafa namu: littafin zai yi sati a ɗakinmu, sati a ɗakinsu, ana miƙawa ran Asabar da safe. Gwangwanin Bournvita da muke zuba maimai da waɗanda ba a liƙa ba tukuna, shi yana wajen wanda littafin ba ya hannunsa.

To, fallen da nake magana a kai. Wata safiya a cikin hunturun 1994, Gola ya shigo da gudu, hannunsa na rawa. Iya ta ba shi falle guda daga wata mujalla mai sheƙi. Cikakken shafi, mai launi: Yekini a cikin raga, hannuwansa biyu sun fito ta cikin zaren, bakinsa a buɗe. Hoton da duk Jos ake nema. Mai ya ɗan taɓa kusurwar ƙasa kawai. Na karɓa ina kallo, sai na ga shi Gola bayan takardar yake kallo. Na juya. Peter Rufai ne, shi ma cikakken shafi, ya tashi sama ya kama ƙwallo da hannu biyu.

Duk wanda ya taɓa wannan harka ya san ciwon nan. Takarda fuska biyu gare ta, ƙaro kuma sai ya ci ɗaya. In an liƙa Yekini an binne Rufai, in an liƙa Rufai an binne Yekini. Na ce ai ba a haɗa mai lamba tara da mai tsaron gida, wannan ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a kofin duniya. Ya ce shi ya samo, kuma ba don Dodo Mayana ba, wato laƙabin Rufai, da Bulgeriya ta rama. Muka yi cacar baki har ya fizge, takardar ta ɗan tsage daga sama. Kwana uku ba ma magana. Mu haɗu a bakin rijiya kowa ya kau da kai. Asabar ta zo, littafin yana hannuna, na ƙi miƙawa.

Maman Gola ce ta kai maganar wajen Inna, Inna ta kai wa Baba. Bayan sallar isha'i ya aika aka kira mu mu biyu. Yana zaune a kan keken, fitilar ƙwai a gefe. Ya ce, "Ku kawo in gani, abin da ya raba ku." Gola ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Ga shi, Baba." Baba ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga ta saitin fitila. Ya ce, "Yanzu a kan wannan ne kuka bar gaisawa?" Ba wanda ya amsa. Ya yanko siririn ƙyalle daga ragowar farar shadda, ya naɗe gefen hagu na takardar da shi kamar yadda ake yi wa bakin riga, ya buɗe littafin a tsakiya, ya saita. Ya canza zare ya sa kore. Bai taka keken da ƙafa ba, da hannu ya riƙa juya shi a hankali, ɗinki mai faɗi, don kada allura ta tsaga takardar. Da ya gama ya ciji zaren, ya juya fallen dama, ya juya hagu, kamar ƙofa. Ya ce, "To, kowa ya ga nasa. Wa ke da satin nan?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya miƙa wa Gola.

Na sha tunanin wannan daren, musamman da na fara haihuwa. Baba bai san Rufai daga Agbonavbare, ɗaya mai tsaron gidan, ba, kuma ya wuni a kasuwa a kan ɗinkin mutane. Da ya ga dama da ya yage takardar ya ce kowa ya huta, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ɗauki abin da ya dame mu da girman da muka ɗauke shi, ya yi masa aiki irin wanda zai yi wa babbar riga. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Daga nan littafin ya yi ta cika. Gasar Olamfik ta Atlanta 1996 ta ci falle goma sha ɗaya, har da Kanu bayan ya fitar da Brazil huɗu da uku, da Celestine Babayaro yana tsalle-tsallensa a wasan ƙarshe da Ajantina. Kofin duniya na Faransa 1998 akwai Sunday Oliseh yana gudu bayan wannan dukan da ya yi wa Sifen. Wasan Denmak ba mu sa komai ba sai Tijjani, shi ya ci mana ɗayar. A shekarar ne a makarantar sakandare na fara ganin littafin Panini a hannun wani yaro da babansa ya dawo daga Landan. Kamfanin Italiya ne, a garin Modena, tun 1970 suke buga na kofin duniya. Kowane ɗan wasa da gurbinsa da lambarsa, hoton da gam ɗinsa a baya, ɓarewa kawai za ka yi ka manna. Ya burge ni ƙwarai, na yi sati ina mafarkinsa. Amma da na ba Gola labari sai ya tambaye ni, "Akwai 'yan Plateau United a ciki?" Babu. A namu akwai su, baƙi da fari, wasu ma mu muka rubuta sunansu da biro don mun gan su da idonmu a filin Rwang Pam.

Akwai ma shafin da ba hoto. Kawuna, ƙanen Inna, tsohon mai son Mighty Jets ne, ƙungiyar Jos da ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972. Duk ranar da ya zo ya ga littafin sai ya ce, "Ku yaran nan ba ku ga ƙwallo ba. Ina Sam Garba?" Ya ba mu labarin Sam Garba Okoye, yadda yake cikin tawagar da ta je wasannin Olamfik na Meziko a 1968 inda aka yi uku da uku da Brazil, da yadda hatsarin mota ya ɗauke shi a 1978. Mun nemi hotonsa har mun gaji. A ƙarshe Gola ya ja layi huɗu da rula ya yi gurbi, ya rubuta sunan a ƙasa da manyan baƙaƙe, muka bar masa wurinsa.

Rubutu na ƙarshe a littafin ma na Gola ne. A ƙarshen Yulin 2001 Najeriya ta ci Gana uku da nema a Fatakwal ta samu gurbin zuwa kofin duniya. Lokacin mun zama samari, mun rage zuwa wajen Iya, amma ya ɗauki jan biro ya rubuta "Koriya da Japan 2002" a saman sabon shafi, ya ja masa layi biyu. Ƙasan rubutun fari ne fat har yau.

Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, ranar da rikicin Jos ya ɓarke, satina ne. Ba zan ba da labarin ranar ba, duk ɗan Jos yana da nasa, kuma na wasu ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba. Mun fita ta ƙofar baya da abin da hannu ya iya ɗauka, su ma haka, kowa ya nufi inda yake ganin zai tsira. Littafin ya biyo mu ne don yana ƙarƙashin kayana a jakar bakko da Inna ta sura. Gwangwanin yana ɗakinsu. Ba mu koma gidan ba, su ma ba su koma ba. Mu muka samu ɗaki a Rikkos, su suka yi Tudun Wada. A watan Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone, kekunan Baba biyu suka tafi a ciki. Tsohon na gida ne ya rage, wanda aka samu aka ɗauko daga baya, da shi ya ƙarasa rayuwarsa.

Tsakanin Rikkos da Tudun Wada ba wata tafiya ba ce, amma sai da muka shekara goma sha ɗaya ba mu ga juna ba. A Facebook ya nemo ni, a watan Mayun 2012, satin da Yekini ya rasu. Tun daga nan mukan gaisa da salla da Kirsimeti. Mun kalli wasan da Plateau United ta ci Rangers biyu da nema ta ɗauki kofin lig a 2017 tare, muka rungume juna a cikin taron. Amma ban taɓa ɗauko maganar littafin ba, shi ma bai taɓa ba. Ina jin kowannenmu yana tsoron abin da zai biyo bayanta.

A ɗakin Inna na buɗe shafin 'yan 1994 ina bin su da yatsa. Uche Okafor ya tafi a 2011, Yekini 2012, Thompson Oliha 2013, Wilfred Agbonavbare 2015, kyaftin Stephen Keshi 2016, ga Rufai yanzu. Babban ɗana, mai shekara goma sha biyu, yana leƙe ta kafaɗata. Shi Ahmed Musa ya sani, ɗan garinmu, ƙwallayensa biyu a ragar Iceland kuwa ya kalle su a wayata ba adadi. Na nuna masa fallen, na ba shi labarin rigimar. Ya ce, "Abba, me ya sa ba ku yi fotokwafi ba?" Na ce masa na lokacin baƙi da fari ne, kuma ko da mai launi ne ba wanda zai yarda ya karɓi kwafin. Ya juya Yekini, ya juya Rufai, ya shafa ƙyallen. Ya ce, "Wannan ɗinkin Kaka ne?" A nan na lura zaren ya saki daga ƙasa, fallen yana lilo a kan ɗinki huɗu kacal.

Ƙanena ne ya gaji keken. Na kai masa da yamma, ya duba ya ce, "Yaya, sai dai in bi ramukan da Baba ya huda, in na yi sababbi za ta yage." Ya nemo koren zare, ya juya da hannu, rami bayan rami.

Da daddare na kira Gola. Muka yi wa juna gaisuwar Dodo Mayana. Na ce masa littafin yana gabana. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce gwangwanin dai ya ƙone da ɗakin, ya daɗe yana son ya gaya mini. Ya ce, "Fallen yana nan?" Na ce yana nan, gaba da baya.

Mun haɗu da safiyar Asabar a wajen wani mai shayi a titin Ahmadu Bello, kusa da kangon kasuwar. Furfura ta fito masa a gemu. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya cire robar, ya wuce kai tsaye tsakiya, ya juya fallen zuwa ɓangarensa. Ya daɗe yana kallo, shayinsa ya huce. Da muka tashi ya miƙo mini, na ce a'a, satinsa ne. Hadari ya haɗo ta wajen Bukuru, mai shayin ya ba mu baƙar leda muka saka shi a ciki, muka ƙulle bakin. Ya cusa a cikin rigar sanyinsa, ya tari Keke mai zuwa Tudun Wada. Ya ce in jira shi a nan Asabar mai zuwa, ƙarfe tara.